Shanun da Suka Ƙi Isa Rafi

Kakana ya zo gidanmu a Birnin Kudu da niyyar kwana uku. Ya faɗa a bakin mota, ya faɗa a zaure, ya sake faɗa wa Inna tun kafin ta dire masa ruwan sha. Daga Maruta aka ɗauko shi, can ƙasar Gwaram, bayan gwiwa ta ci amanarsa yana bin shanu, ya faɗi a burtali, ya kwashe rabin yini a zaune kafin wani mai keke ya gan shi. Likita ya duba ya ce gwiwoyin nan sun gama kiwo, abin da ya rage musu hutu ne. Kaka ya ce likitan yaro ne.

Shekarata goma sha biyu a lokacin, kuma duk duniya babu wanda nake so kamar tsohon nan, ko da yake bai taɓa kirana da wani suna ba sai “malalaci”. Kakarmu mace ta rasu shekara biyu kafin nan. Shanun suna hannun ƙanin Baba, amma kowa ya san in Kaka ya koma, gari na wayewa zai ɗauki sanda ya bi su, babu mai iya tare shi. Na ji Inna tana gaya wa maƙwabciyarmu ta kan katanga cewa faɗuwa ta biyu ba lallai a dace da mai keke ba. Tun daga ranar tsoro ya shige ni. Ba na son ya tafi, ban kuma san wanda zan gaya wa ba.

Abin da ya dagula al'amarin shi ne Baba ɗan fari ne. Mu asalinmu masu shanu ne, duk da cewa Fulatancin gidanmu ya ƙare a bakin Kaka, shi ma sai in zai kira saniya ko zai zagi mutum. Amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Kaka bai taɓa faɗin sunan Baba ba, ba ya haɗa ido da shi, ba ya cin abinci in yana wurin, ba ya kuma yi masa magana kai tsaye. Da safe Baba zai durƙusa ya gaishe shi, Kaka ya kalli bango ya ce “lafiya”, shi ke nan an gama hirar yini. Duk sauran magana ta kaina take bi. Sai su zauna a rumfa ɗaya, tsakaninsu bai fi taku uku ba, ni ina tsakiya.

“Malalaci, ka gaya wa mutumin nan a nemo mini mota.”

Sai in juya. “Baba, wai a nemo masa mota.”

“Ka ce masa yau ba kasuwa, motar Gwaram ba za ta cika ba.”

“Kaka, wai yau ba…”

“Na ji, ai ba kurma ba ne ni.”

Washegari Baba ya ce an yi ruwa, hanya ta ɓaci. Jibi ya ce magani bai ƙare ba. Baba malamin makaranta ne, bai iya ƙarya ba, sati biyu kacal ya ƙarar da duk wadda ya sani har ya fara maimaita ta farko. Ya fito fili ya ce “zauna tare da mu” kuwa, bakinsa ba zai iya ba, don ba a taɓa irin wannan magana tsakaninsu ba. Shi ma Kaka ya riga ya ce kwana uku a gaban shaidu, kuma a wurinsa abin kunya ne a ji dattijo ya tare a gidan ɗansa na fari da bakinsa. Buhun kayansa yana ɗaure a bakin ƙofar ɗakinsa, sanda da malfa a kai, kullum a shirye.

Ana cikin haka aka ba mu dogon hutu, yayata kuma ta kamu da ciwon yin katun. Ta girme ni da shekara biyu, amma in ka ji yadda take ba ni umarni sai ka ce ita ta yi mini wankan jego. Ta gaji tsohuwar wayar Baba mai tsagaggiyar fuska, wata ƙawarta ta saka mata manhajar da ke haɗa hotuna su zama fim. Aikin ba shi da wuya, haƙuri kawai yake ci. Ka ajiye abu ka ɗauki hoto, ka matsa shi kaɗan ka sake ɗauka, ka yi ta yi har bayanka ya ƙage. In aka jera hotunan da sauri sai ka ga abin yana tafiya da kansa. Hoto goma ne ke ba da daƙiƙa ɗaya.

Fim ɗinmu na farko takalmin Baba ne yake tafiya masallaci ba tare da Baba ba. Na biyu dambe ne tsakanin muciya da ludayi. Muna tsakiyar turmi na biyu ruwan tuwo ya tafasa, Inna ta birkice ɗakin girki tana neman muciya, mu kuma muka yi tsit don muciyar ce ke kan nasara. Ranar tuwo mai gudaji muka ci. Fim ɗin daƙiƙa tara ne, faɗan Inna kuwa ya kai awa guda, aka kuma haramta mana taɓa duk wani abin da ake girki da shi.

Shi ya sa na koma ga abin da na iya. Na ɗebo laka a kududdufin bayan unguwa na gina shanu bakwai. Muka kwantar da wata tsohuwar ƙofar katako a rumfar da ke gaban ɗakin Kaka, don nan ne inuwa ba ta yawo, muka barbaɗa yashi, muka shuka gero a gefe ya tsiro ya zama ciyawa. A ƙarshen ƙofar muka shimfiɗa shuɗiyar leda, shi ne rafi. Yayata ta ɗaure wayar a ƙafar kujera da robar tayar keke. Labarin da ta tsara shi ne, shanu za su tashi za su rafi, kura ta tare su, sai jirgi mai saukar ungulu ya zo ya cece su. Ni ne mai matsa shanu, ita ce mai danna waya da zagin mai matsa shanu.

Kaka yana zaune a kan buzunsa yana kallonmu yini biyu, bai ce uffan ba sai tsaki jefi-jefi. A rana ta uku muka kai masa abin da muka samu, daƙiƙa shida, muna jiran yabo. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya ga shanun laka sun miƙe tsaye suna tafiya. Na ga gashin girarsa ya ɗaga. Ya ce a sake. Aka sake. Sai ya ajiye wayar a hankali.

“Wannan ta gaban, mece ce?”

“Saniya ce, Kaka.”

“Saniyar gidan uban wa ke tashi da ƙafar gaba? Doki ne wannan, dokin ma mai ciwon baya. Saniya da baya take fara tashi, ta durƙusa a gwiwa, sannan ta miƙe. Jikana, jinina, bai san yadda saniya ke tashi ba. Wannan tozon kuma ƙurji ne ya fito mata?”

Ya ce a miƙo masa laka. Ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Yatsun da ba sa iya ɓalle maɓallin riga, kafin ka ce me sun fitar da saniya da tozonta da ƙahonta da yadda take karkatar da kai. Ya rushe nawa bakwai ɗin, ya gina goma sha ɗaya, kuma kowace ya san ta. Wannan fara ce, ita ke jan garke, uwarta ma ita ke ja. Wannan mai karyayyen ƙahon mafaɗaciya ce, kada a ajiye ta kusa da karsanar can. Wancan bijimin girman banza ne, tsoron kwaɗo yake. Sai daga baya na gane shanunsa na Maruta ya gina, ɗaya bayan ɗaya.

Daga ranar yayata ta rasa mulkinta. Kaka ya soke kura. Ya soke jirgi, ya ce shekara sittin yana kiwo bai taɓa ganin jirgi ya taimaki kowa ba. Yayata ta ce to mene ne labarin? Ya ce shanu su tashi, su tafi rafi, su sha ruwa. Ta ce wannan ai ba labari ba ne. Ya ce, “Uwargida, in shanu suka tashi lafiya suka sha ruwa lafiya, wane labari kike nema da ya fi wannan?” Haka yake kiranta da wasan jika, ita kuma ta ce ba ta son miji mai haƙori huɗu.

Da yammar nan Baba ya dawo ya zauna a bakin rumfa. Na ga alama yana ta laluben sabuwar ƙarya bai samu ba. Sai Kaka ya riga shi.

“Malalaci, ka gaya wa mutumin nan ya bar maganar mota tukuna. Ban taɓa barin shanu a hanya ba. Ran da suka sha ruwa, ran nan zan tafi.”

Baba ya ce in ce masa to. Ni kuwa na tashi na auna ƙofar da hannuna. Daga inda shanun suke zuwa ledar taƙi goma ne, kuma a yini muna cin taƙi ɗaya. Kwana goma ke nan suka rage mini da kakana.

Aikina ne in rufe ƙofar da tsohon gidan sauro kowace yamma saboda kaji, don sun riga sun cinye mana rabin ciyawar geron. A nan shaiɗan ya ba ni shawara, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu. Kafin in rufe, sai in mayar da kowace saniya baya da faɗin yatsa biyu. Na lissafa cewa hakan zai ƙara mini kwana uku ko huɗu, kuma yayata ba za ta lura ba.

Shi ma Kaka, a matsayinsa na mai ba da umarni, bai taimaki saurin aikin ba. Ya ce ƙafafun saniya ba a matsa su yadda aka ga dama, ta baya ce ke korar ta gaba, gefe ɗaya sannan ɗaya gefen, shanu goma sha ɗaya, ƙafa arba'in da huɗu, kuma yana ganin duk wadda na tsallake. Rana ta huɗu ya ce shanun sun gaji, su kwanta su yi tuƙa. Muka ɗauki hoto ɗari biyu na shanu a kwance ba abin da ke motsi sai muƙamuƙin fara, wanda nake turawa da tsinken tsintsiya. Rana ta shida ya duba cikin wata ja ya ce ai wannan haihuwa za ta yi, ba za a wuce da ita ba. Aka tsaya ta haihu. Aka jira ɗan maraƙin ya koyi tsayuwa, ya faɗi sau uku, don Kaka ya ce wanda ya tsaya a karon farko ƙarya ne.

Sai maganar murya. Yayata ta ce fim yana son sauti, ta kawo wayar bakin Kaka ta ce ya yi kiran shanu kaɗan, a hankali. Kaka bai san kiran shanu a hankali ba. Ya cika ƙirji ya saki wata irin kuwwa mai tsawo da ban taɓa jin ta a cikin gari ba, ta fita ta kan katanga ta zagaye unguwa. Awakin Inna suka miƙe tsaye. Can sai muka ji ruguguwa a gidan maƙwabcinmu. Ashe wani sa da yake kiwatawa ne ya tumɓuke turke, ya ture ƙyauren langa-langa, ya biyo lungu, ya kutso kai cikin zaurenmu yana jan igiya da turken gaba ɗaya. Inna ta haye kan turmi da zaninta a hannu. Maƙwabcin ya biyo shi da gudu, ba hula, kumfar sabulu a rabin gemunsa. Kaka ko gezau, ya miƙa hannu ya sosa wa san wuya, ya ce wa mai shi, “Malam, dabbar nan tana da hankali, kaɗaici ne ke damunta.” Duk wannan yana cikin sautin fim ɗin har yau, da salatin Inna da komai.

A daren ranar, wato bayan an ci tuwo, yayata ta jera duk hotunan muka kalla. Shanun suna tafiya tiryan-tiryan gwanin kyau, sai kawai su yi tsalle da baya gaba ɗayansu, su sake tafiya, su sake tsalle da baya. Ta ce kaji ne. Ta ce Inna ce da tsintsiya. Inna ta ce ita ko kusa da shirgin nan ba ta zuwa. Kaka ya ce ba abin mamaki ba ne, shanu sukan koma baya in sun tuna da wata ciyawa mai daɗi da suka wuce.

Ni kuwa abin ya ɗaure mini kai, don tsallen da na gani ya fi yatsa biyu nesa ba kusa ba. Ya kusa taƙi guda. Na ce ko hannuna ne ya zarce. Washegari da yamma na rufe su ban taɓa ko ɗaya ba, na kuma saka ƙwayar gero a gaban hancin fara don shaida. Da safe na tarar da ita ta ja baya da ƙwayar geron da kusan tsawon tafin hannuna, duk garken yana bayanta a jere, kowace a matsayinta, mai karyayyen ƙaho nesa da karsana.

Ba zan ɓoye ba, na yarda shanun suna tafiya da kansu. Na tuna kiran da Kaka ya yi, na ce wanda ya taso da sa daga gidan wani ai tayar da laka ba zai gagare shi ba. Kwana biyu ina matsa su da bisimilla a kowace ƙafa, har yayata ta ce in zan yi wa'azi in bari a gama fim.

A rana ta uku na kasa haƙuri. Ana sallame sallar asuba na zame na bar Baba a masallaci, na dawo gida da sauri, na laɓe a bayan randa. Gari ya fara haske. Gidan sauron yana yaye. Kakana, wanda sai an kama shi yake sauka daga kan gado, wanda a zaune yake sallah saboda gwiwa, yana durƙushe a kan yashi da gwiwoyin nan biyu, yana ɗaga shanu ɗaya bayan ɗaya yana mayar da su baya, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. In ya ajiye kowace sai ya share sawunta da gefen hannu.

Na fito. Ya ɗago, fara tana hannunsa. Muka kalli juna.

“Kishirwa ba ta kama su ba tukuna,” in ji shi.

“Kaka, ni ma ina mayar da su. Da yamma.”

“Nawa kake mayarwa?”

“Yatsa biyu.”

“Yatsa biyu.” Ya girgiza kai. “Ko a ɓarna ma malalaci ne kai. Zo ka ɗaga ni, gwiwar nan ta ƙi.”

Na sa kafaɗa na ɗaga shi, ba shi da nauyi ko kaɗan, abin ya ba ni tausayi. Da na zaunar da shi a kan buzu sai na ce, “Kaka, ka ce kawai ba za ka tafi ba mana.”

“In ce wa wa?”

“Baba.”

“Kai dai ba ka da kunya, ɗan birni. Rufe shanun nan kafin uwargida ta tashi.”

Daga ranar muka haɗa kai, kuma a nan muka yi kuskure, don ba mu raba aiki ba. Ni in mayar da yamma, yanzu da taƙi guda don kada a sake ce mini malalaci, shi kuma ya mayar da asuba. Kwana uku ana haka, yayata ta yaye gidan sauro ta tarar da shanun sun koma bayan inda suka fara, bijimin ma ƙafarsa ɗaya ta sauka daga kan ƙofar. Ta dube ni, ta dubi Kaka, mu duka muna kallon sama. Ba ta ce komai ba, wanda ya fi faɗanta ban tsoro. Ta duba hoton ƙarshe mai kyau, ta mayar da kowace saniya wurinta, ta zagaye kowane kofato da alli. Da yamma ta kwashe garken kaf ta zuba a akwatinta na makaranta, ta datse da kwaɗo, ta rataya makullin a wuya. Hutu saura kwana tara, ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu sai ta gama fim ɗinta.

Ban ga laifinta ba, ita ba ta san abin da ake ciki ba, ni kuma Kaka ya hana ni faɗa. Ya gwada dabarunsa na fili. Ya ce akwai gonar wani a gaba, sai an kewaye. Ta ce babu gona a kan ƙofar. Ya ce wata za ta sake haihuwa. Ta ce ta haihu a bakin rafi. Taƙi bayan taƙi shanun suka ci ƙofar, ni da hannuna nake tura su, kamar in yi kuka. Ranar Alhamis da la'asar hancin fara ya rage yatsa ɗaya ya taɓa leda, sai hadari ya rufe rana, haske ya ɓaci, yayata ta ce gobe da hantsi za a sha ruwa.

Kaka ya ɗauki malfarsa daga kan buhu ya ɗora a ka, abin da bai yi ba tun zuwansa. Ya jawo buhunsa kusa da buzu ya zauna. Da Baba ya dawo ya zauna a inda ya saba, Kaka ya kalli bango.

“Ka gaya wa mutumin nan gobe shanu za su sha ruwa. A nemo mota.”

Ban juya na faɗa ba. Karo na farko ke nan da na ƙi isar da saƙo. Baba ya jira, da ya ga ba zan yi magana ba sai ya ce wa yayata ta kawo fim ɗin nan da ake ta fama ya gani. Bai taɓa tambaya ba sai ranar. Ya riƙe wayar, muka kewaye shi, Kaka yana daga gefe yana satar kallo ta ƙarƙashin malfa. Shanu suka tashi da ƙafar baya. Suka yi tafiya, suka yi tsalle da baya, suka yi tuƙa, aka haihu, kiran Kaka ya tashi, Inna ta yi salati, suka sake tsalle da baya. Baba ya kalla har ƙarshe bai yi dariya ba. Ya ce a sake. A karo na biyu ya dinga tsayar da shi daidai wurin tsallen, yana duban shanun yadda suka koma baya a jere, fara a gaba, mai karyayyen ƙaho nesa da karsana. Kaji ba su san wannan jerin ba, ni ma ban isa in iya shi daidai haka ba. Baba ya san hannun da ya jera su.

Ya miƙa wa yayata wayar. Ya tashi, ya sunkuya, ya ɗaga shuɗiyar ledar daga ƙarshen ƙofar, ya kakkaɓe yashin. Ya ratsa tsakar gida da ita, ya wuce turmi, ya wuce igiyar shanya, ya wuce turken awaki, har gindin katangar can ta ƙarshe kusa da rijiya. A nan ya shimfiɗa ta, ya ɗora dutse a kai. Ya dawo ya zauna yana goge hannu.

“Ka gaya wa kakanka ni ma na yi kiwo,” ya ce da ni. “Ban taɓa ganin rafi a bakin ruga haka ba. Ranar da ya fara tafiya kiwo da ni, tun hantsi muke tafe, sai azahar muka ga ruwa. A wuyansa na dawo, da muka hango gida ya sauke ni don kada a gani.”

Ban isar da wannan ma ba, babu bukata. Kaka ya daɗe yana kallon bango. Sannan ya juya ya auna tsakar gidan da ido, daga ƙofar har rijiya.

“Ka ce masa ya cika nauyi a lokacin,” ya ce. Sai ya ƙara da cewa, “Ka kuma ce masa shanun nan akwai mai jego a ciki, ba a kora su da sauri.”

Yayata ta riga ta fara lissafi da yatsu, ta ce wannan ai ya fi hoto dubu goma, ita makaranta za ta koma, an zalunce ta, kuma duk gidan nan babu mai mutunta aikin fim. Babu wanda ya kula ta. Kaka ya cire malfar ya ɗora a gwiwa.

“Malalaci, shigar mini da buhun nan ciki, hadarin nan zai zubo.”

Damina huɗu Kaka ya yi a gidanmu, kuma a ɗakin nan Allah Ya karɓi abinsa, a kan gado, Baba yana riƙe da hannunsa. Duk hutu mukan fito da shanun mu ɗan matsa su, in ƙafa ta karye ya sake gina ta. Iyakar inda suka kai gindin turmi ne. Fim ɗin yana wayata yanzu, minti uku da 'yan daƙiƙu, babu saniyar da ta sha ruwa a ciki. Ledar kuwa sau uku rana tana cinye ta a shekarun nan, sau uku Baba yana samo wata shuɗiya ya shimfiɗa a gindin katangar ya mayar da dutsen, bai taɓa ce wa kowa komai ba.